Usaini Ya Zo, Hasan Yana Bakin Aiki

Tun ban buɗe baki ba na hango ku. Ga Alhaji can ya turo hula gaba, yana murmushin nan na wanda ya riga ya yanke hukunci. Ga ƙanena injiniya, wanda ya haɗa digirinsa a YouTube cikin dare uku, yatsansa na sama tun ba a gama gaisawa ba. Ga kuma abokin wasana Bazazzagi, wanda ko gari ya waye Bakano ya ce, sai ya leƙa waje ya gani da idonsa. To ku gyara zama. Magana ɗaya na zo da ita. Faifan ajiyar kwamfuta da ke cike da kaya, ana aiki da shi safe da yamma, ana iya yi masa ɗan'uwa da zai riƙa ɗaukar duk abin da ya ɗauka, ba tare da an share shi an koma farko ba. Ana yi. Na yi. Na kuma taɓa yin sa a karkace, shi ya sa nake da bakin magana.

Turawa madubi suke ce wa abin. Faifai biyu ne, duk abin da kwamfuta ta rubuta a wannan sai ta rubuta a wancan, ta yadda in ɗaya ya mutu da tsakar rana ɗayan zai ci gaba da aiki, mai kanti bai ma san an yi rasuwa ba. A 1988 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takardar da ta jera hanyoyin haɗa faya-fayai ta kira su RAID, madubi ya zo a mataki na ɗaya. Dabarar ta girmi takardar, su dai zanen suna suka yi mata. Ni kuwa sunan madubi bai kwanta mini ba, don wanda ke cikin madubi ba ya fitowa ya karɓi aikinka in ka kwanta ciwo. Tagwaye nake ce musu. Tsohon faifan da ke bakin aiki shi ne Hasan, sabon da za a kawo Usaini.

Na ji ka, Bazazzagi. Tagwaye rana ɗaya ake haihuwarsu, ina aka taɓa ganin Usaini ya zo bayan shekara uku? Riƙe tambayar nan da kyau, kada ta faɗi, zan zo in karɓa. Yau dai ka yi tambaya mai ma'ana, ya kamata a rubuta ranar.

Alhaji ne babba, shi zai fara. "Kai yaro, kwamfutar kantina shekara bakwai ke nan, ko tari ba ta taɓa yi ba." Allah ya ƙara mata lafiya, Alhaji. Sai dai a cikinta akwai wani faranti da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, wato fiye da sau miliyan 10 kullum, ga wata 'yar allura tana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Shekara bakwai ana wannan rawa, kai kuma hujjarka ita ce har yanzu ba a faɗi ba. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da sakamakon bin diddigin faya-fayai fiye da 100,000 na ɗakunan na'urorinsu. A cikin masu shekarar farko, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ne ke mutuwa a shekara. A cikin masu shekara uku abin ya haura kashi 8. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne, kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar ciwo ko ɗaya ba a ma'aunin lafiyar da ke jikinsu. Lafiya lau aka kwanta. Don haka "ko tari ba ta taɓa yi ba" ba takardar likita ba ce, ranka ya daɗe. Irin maganar nan ce da ake yi a zaman makoki.

"To na ji. Sayo sabo ka jona, shi ke nan." Da haka ne, Alhaji, da ban ɓata tawada ba.

Faifai kamar gida ne da aka yanka sassa-sassa, masu gyara suna ce wa kowane sashe fatishan. Hasan ya daɗe da tarewa. Kowane sashe an shimfiɗa masa tsarin ajiya, an cika shi da kaya har bakin ƙofa. Shi kuwa tsarin tagwaye a babbar manhajar Linux, wanda ake juya shi da manhajar mdadm da Neil Brown ya fara fitarwa a 2001, yana buƙatar ɗan wuri a kowane sashe inda zai kafa allonsa: ni ɗan gidan wane ne, ɗan'uwana wane, yaushe rabonmu da daidaitawa. Allon da ake yayi yanzu, mai lamba 1.2, kilobayit 4 daga bakin ƙofa ake kafa shi. A yawancin sassan da aka shimfiɗa wa tsarin ajiya na ext4 kuwa, daidai nan ne jadawalin da ke nuna inda kayan gidan suke. In ka kafa allo a wurin, ka yi wa gida lamba ka ƙone takardar da ta san ɗakunansa. Ga kuma ta biyu: a kan wannan sashen kwamfutar take zaune lokacin da kake ba ta umarni. Ba a naɗe tabarma da mutum a kai.

Sai masu abin suka fito da wata dabara wadda in ka fara jin ta za ka ce ni ma zolayar ku nake yi. Ba a taɓa Hasan ko kaɗan. Usaini ake ɗauka shi kaɗai, fanko, a ce wa Linux ga tagwaye nan, su biyu ne, amma ɗayan ya yi tafiya. A gurbin sunan faifai na biyu a rubuta kalmar missing, wato ba ya nan. Linux ba ya gardama, ba Bazazzagi ba ne. Sai ya buɗe gida mai suna md0, ya rubuta cewa gurgu ne mai ƙafa ɗaya, ya ci gaba da harkarsa. A wannan gurgun gidan ake shimfiɗa sabon tsarin ajiya, a kwashe kayan Hasan a zuba, a sa kwamfuta ta riƙa tashi daga can. Sai an tabbatar ta zauna daram sannan a koma wa Hasan a ce masa, kai ne ɗan'uwan nan da ya yi tafiya, shigo. Shigarsa ke da wuya a bi ta kan duk abin da ke jikinsa, a rubuta masa abin da ke jikin Usaini.

Ku sake duba jimlar ƙarshen nan, don duk hawayen da aka zubar a wannan sana'a a nan aka zubar da su. Tagwayen nan ba su da hankali ko na anini. Ba su san wane ne mai kaya ba, wane ne fanko. Wanda ka nuna musu a matsayin na gaskiya shi za a kwafa a kan ɗayan, ko da ba komai a cikinsa sai iska. Mutum ya juya sunaye biyu a layi ɗaya, ya wayi gari da faya-fayai biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, kowanne fes, ko rasit ɗaya babu. An je neman gira an rasa ido.

Kuma juya sunayen ba wuya. Linux yana kiran faya-fayai sda da sdb, amma wannan sunan rana ne, ba na yanka ba. Wanda ya riga amsa kira da safe shi ne sda. Ka sauya waya, ko ka manta filashi a jiki, sai Ɗanladin jiya ya wayi gari Ɗanjuma. Sunan yanka shi ne lambar da kamfani ya buga a jikin faifan, wadda Linux ma yana nuna ta. Ni kafin in buga komai sai na rubuta lambobin nan biyu a takarda da biro, na manna a gefen allo, kuma duk umarnin da zai taɓa faifai sai na karanta shi a fili kamar mai biya karatu. Yaran kanti suna dariya. Su yi.

Haka nan wajen yanka wa Usaini sassa irin na Hasan. Manhajar sfdisk tana karanto taswirar wannan ta zana a wancan cikin ƙiftawar ido, kuma ita ma ba ta tambayar ko ka juya. Ka kuma duba girman Usaini tun a kasuwa. Faifai biyu kan zo da tambarin terabayit 1 amma ɗaya ya ɗan gaza ɗaya, kamar mudun wannan kasuwa da na waccan. In Usaini ne ya gaza, ko da ƙwaya ɗaya, sashen ƙarshe ba zai shiga ba.

Na tsallake abin da ya kamata in fara da shi, da gangan, don na san da shi na fara da kun watse. Kowa ya san wanda ke bin tagwaye sunansa Gambo. To a gidan nan komai a juye yake: Usaini ya zo a makare, Gambo kuma shi ake fara haifa. Gambo shi ne cikakken kwafin kayanka a wani faifai na daban, wanda za ka zare daga kwamfutar ka kai wani ɗaki, in da hali wani gida, tun kafin ka kwance dunƙule ɗaya. Ka kuma buɗe wasu takardu daga cikinsa ka ga suna buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu injiniya ya gaji da haƙuri. "Yaya, kwashe kayan ai ba aiki ba ne. In zaɓe su duka in ja in sauke." Sannu, ƙanena. A Linux kowace takarda tana da mai ita, tana da jerin wanda aka yarda ya karanta da wanda aka yarda ya taɓa, wasu ma suna biyu gare su a wuri biyu alhali jiki ɗaya ne. Ja da saukewa yakan zubar da wannan duka a hanya, ka isa sabon gida da kaya amma ba wanda ya san na waye. Shi ya sa ake amfani da rsync, a gaya masa ya taho da komai har da waɗannan, kada kuma ya tsallaka zuwa wani sashen. Sau biyu ake yi. Na farko da rana, ana ciniki, ya ɗauki awoyinsa yana kwasar manyan kaya. Na biyu bayan an rufe kanti, an tsayar da manhajar lissafi da rumbun bayananta cik, sai ya bi ya tsinto abin da ya sauya kawai, 'yan mintoci. Wanda ya kwafi rumbun bayanai yana kan aiki kamar mai ɗaukar hoton yaro ne yana gudu. Hoto zai fito, sai dai uwarsa ma ba za ta gane shi ba.

Sauran aikin na sanar da dangi sabon adireshi ne, kuma nan ne ake mantuwa. Akwai takarda mai suna fstab da ke gaya wa Linux wane sashe zai shimfiɗa a ina. Wadda ke sabon gida dole a gyara ta ta nuna md0. Akwai mdadm.conf, inda ake rubuta sunan tagwayen. Akwai wata 'yar jakar guzuri, initramfs, da Linux ke buɗewa da asuba kafin ya kai ga babban faifai. In ba a sake ɗaure ta an sa ilimin haɗa tagwaye a ciki ba, an kulle ɗaki ke nan da mukulli a ciki. Har sashen nan da kwamfuta ke jingine abin da ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa, shi ma a yi masa ɗan'uwa, in ba haka ba ranar da faifai ya mutu kayanka suna nan amma kwamfutar ta kife. Sannan ga GRUB, zakaran da ke tada gidan.

A kan zakaran nan na sha kunya. Wata shekara na yi wa wani kantin magani wannan aiki, komai ya tafi sumul, aka biya ni, na tafi gida ina jin kaina. Bayan watanni Hasan ya mutu, Usaini ya riƙe kanti kamar yadda na yi alkawari, ba wanda ya lura. Da dare aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, kwamfuta ta mutu. Da safe aka kunna, allo baƙi ƙirin. Kaya duk suna nan a jikin Usaini, ko ɗigo bai ɓata ba, amma zakara ɗaya na ajiye a gidan, a sashen Hasan, ya tafi da abinsa. GRUB ba a cikin sassan da aka haɗa yake fara cara ba, a can farkon faifai yake, inda tagwayen ba sa kwafa. Sai ka kafa shi a kowane faifai da hannunka. A sababbin kwamfutoci ma haka, akwai ɗan sashen EFI da injin ke karantawa tun Linux bai farka ba, shi ma kowane faifai ya kamata ya sami nasa. Gyaran bai fi rabin awa ba da filashi, amma kafin in iso an yi cinikin safiya da littafi da biro, kuma har yau in na wuce ta layin sai in ji an ce ga injiniya mai baƙin allo.

To an tada kwamfuta, ta tashi. Kada ka yi guɗa tukuna. Tambaye ta daga ina ta tashi. Sau da yawa mutum yakan ga komai na aiki ya ɗauka ya tare a sabon gida, ashe har yanzu a ɗakin Hasan yake kwana. In tushen bai nuna md0 ba, ba ka ƙaura ba. In ya nuna, zauna a nan kwana ɗaya ko biyu, a yi ciniki, a buga rasit, a duba lissafin bara. Hasan yana gefe da kayansa cif, shi ne hanyar komawarka. Ranar da ka shigar da shi, hanyar ta rufe.

Daga nan sai kallo. Akwai wata taga mai suna mdstat da ke nuna halin da ake ciki. Harafin U ɗaya da ɗan layi a gefensa, gurgu ne. U biyu, an cika. Tsakanin wannan da wancan akwai jira, don mdadm ba ya bambance wurin da ke da kaya da wurin da ba kowa, daga bango zuwa bango yake kwafa. Yi lissafi da kanka: terabayit 1 a gudun megabayit 100 cikin daƙiƙa, daƙiƙa 10,000 ke nan, kusan awa uku. Terabayit 4 kuwa ya haura awa 11. A duk tsawon awoyin nan an riga an fara bi ta kan Hasan, Usaini bai gama ba shi ba, cikakken kaya a jikin faifai ɗaya yake, sabo fil wanda ba ka san halinsa ba. Wannan ne lokacin da mai Gambo ke shan shayi, marar Gambo ke safa da marwa. Linux yakan ci gaba daga inda ya tsaya in aka katse shi, amma duk da haka kada ka fara aikin nan da la'asar kana dogaro da masu wuta. Cika batir, zuba mai a janareta.

Injiniya ya sake ɗaga yatsa, kuma wannan karon ya yi karatu. "Yaya, akwai gajeriyar hanya. Allo mai lamba 1.0 a ƙarshen sashe ake kafa shi, ba a farko ba. In matse kayan kaɗan, in kafa allon a bayan ɗaki, ba sai na kwashe komai ba." Gaskiyarka, ana yi, kuma yana aiki. Sai dai ext4 ba ya matsuwa ana zaune a kansa, sai ka tashi kwamfutar daga filashi. Tsarin ajiya na XFS kuwa ba a san shi da matsuwa ba. In lissafin matsin ya kuskure, allon zai hau kan wutsiyar kayanka. Ga wani tarkon kuma: tunda farkon sashen bai sauya ba, wata rana ana iya buɗe faifai ɗaya kai tsaye a yi rubutu a kansa tagwayen ba su sani ba, daga nan Hasan na faɗin wannan Usaini na faɗin wancan, kowa na rantsuwa. Ka yi a kwamfutarka ta gwaji, ƙanena. A ta Alhaji kuwa, ni doguwar hanya nake bi.

Ba Linux kaɗai ke haihuwar tagwaye ba, kuma tsofaffin ma'aikatan babbar manhajar Solaris ta kamfanin Sun za su ce mu yara ne. Su allonsu ba a jikin sashen kaya yake ba, wani ɗan sashe na daban suke ware masa. Saboda haka ba sa kwashe komai. Sashen da ake zaune a kai shi suke tilasta wa zama gurgun madubi da metainit, su sanar da tsarin da metaroot, su sake tada injin, sannan su jona na biyun da metattach. Ka ga can Hasan ne ke zama a gida, Usaini ya shigo. Amma tsoron ɗaya ne: a fara da ƙafa ɗaya, mai kayan, kada a haɗa biyun a tashi guda. Abin dariyar nasu shi ne zaɓe. Allunan nan kwafi-kwafi ne a faya-fayan, kuma injin ba ya tashi cikakke sai fiye da rabinsu sun amsa. Faifai biyu, kowanne da rabi. Ɗaya ya mutu, saura rabi cif. Injin zai ci gaba da aiki, amma in aka kashe aka kunna sai ya tsaya ya ce zaɓe bai kammalu ba, sai ma'aikaci ya zo ya soke ƙuri'un mamacin da hannu. Mu Kanawa tun zaɓen 2019 ba ma buƙatar a fassara mana wannan.

Daga baya, a 2005, Sun ɗin ta fito da ZFS, wanda ya mai da duk surutun da na yi layi ɗaya: zpool attach, sunan rumbu, tsohon faifai, sabon faifai. Ana aiki, ba a kashe komai ba, kuma wurin da ke da kaya kawai yake kwafa.  Amma ko a nan akwai rami: wanda ya rubuta add a maimakon attach bai yi tagwaye ba, ya raba kayansa ne gida biyu, kowanne ya mutu an yi asara. Wanda tun farko ya shimfiɗa gidansa a kan LVM ko Btrfs shi ma yana iya ƙara ɗan'uwa ana cikin aiki. Akawun Alhaji mai Windows kuma na ga yana hura hanci, wai su danna linzami kawai suke yi a ce a ƙara madubi. Haka ne, bayan an mai da faifan irin wanda suke kira dynamic, wanda Microsoft da kanta ta daina ba da shawarar a bi. A sha hura hanci lafiya.

"To yanzu ina da Usaini," in ji Alhaji, "sai a sayar da Gambo a rage asara." A'a, ranka ya daɗe, nan ne ma na fi jin tsoron ka. Usaini duk abin da Hasan ya yi shi yake yi, mai kyau da marar kyau, nan take. Yaron kanti ya goge lissafin shekara bisa kuskure, an goge a wuri biyu. Ƙwayar cutar nan mai kulle takardu ta nemi kuɗin fansa ta shigo, ta kulle biyu. Ɓarawo kuma ba ya buɗe kwamfuta ya ɗauki faifai ɗaya ya bar maka ɗaya don tausayi, haka ma gobara. A Disamban 2008 wani kamfanin intanet a Amurka mai suna JournalSpace, wanda mutane suka yi kusan shekara shida suna ajiye rubuce-rubucensu a wurinsa, ya rasa komai. Faifai biyu gare su, madubin juna, suka ɗauka sun yi ajiya. Aka bi ta kan bayanan da ke na farko, na biyu ya bi sahu da biyayya. Aka kai wa masu ceto bayanai, ba su sami abin cetowa ba. Faya-fayan lafiyarsu ƙalau, kamfanin ne ya mutu. Aikin Usaini kada a rufe kanti yau. Dawo da jiya aikin Gambo ne, kuma ba ya iyawa sai in yana nesa da su.

Bazazzagi, kawo tambayar nan taka. Ka ce tagwayen gaskiya rana ɗaya ake haihuwarsu. To a wannan gida su ne abin tsoro. A Nuwamban 2019 kamfanin HPE ya yi shelar cewa wasu faya-fayansa na SSD, irin waɗanda ba su da faranti mai juyawa, za su mutu murus in suka cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, sai in an sabunta manhajar da ke cikinsu. Ma'ajin ƙirgen awoyin ne ke cika ya tumbatsa. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa waɗanda aka kunna tare kusan tare za su tafi. Ka ga wanda ya sayo biyu a kwali ɗaya ya kunna su rana ɗaya, ya yi tagwaye irin naka, ya kuma yi jana'iza biyu a yini ɗaya. Usainin da ya zo a makare, daga wani kamfani ko wani zubi, shi ne mai amfani. Na gode da tambaya. Ka gaishe da mutanen Zariya.

Abu ɗaya ya rage, shi ne shirun nan. Kun tuna a kantin maganin nan Hasan ya mutu ba wanda ya lura? Kyawun tagwaye ke nan, kuma shi ne sharrinsu. Ana iya shekara ana tafiya da ƙafa ɗaya ana taƙama da biyu. Manhajar mdadm tana iya aiko maka da saƙon imel in ɗaya ya faɗi, amma sai ka ba ta adireshi, ka kuma sa ta aiko na gwaji ka ga ya iso. Debian ma ta daɗe da al'adar bin tagwaye tana gwada su da juna ranar Lahadin farko ta kowane wata, don a gano ruɓaɓɓen wuri tun ɗan'uwan yana da rai.

Na san har yanzu akwai mai cewa duk wannan tatsuniya ce. Madalla, gani ya kori ji. Kashe kwamfutar, zare wayar Hasan, kunna. In ta tashi, kashe, mayar da shi, shigar da shi, ka jira U biyu su dawo. Sai sun dawo, ba kafin nan ba, sannan ka zare ta Usaini ka sake. Kada ka tada kowanne shi kaɗai a jere ka haɗa su daga baya, don kowanne zai zo yana cewa shi ne mai gaskiya, kuma ba alƙali a gidan. Alhaji ya ce shi ba za a zare wa kwamfutarsa komai ba tana zaman lafiyarta. Injiniya ya riga ya zare, tun ban kai ga cewa a kashe ba. Bazazzagi kuwa ya ce zai gwada, amma a kwamfutata.